Ma'aunin Aiki da Bayanan Jabu: Nazarin Badaƙalar Asusun Bogi a Bankin Wells Fargo

Hujjar wannan maƙala ita ce, ma'aikaci yakan bi ma'aunin da ake biyansa da shi fiye da ƙa'idar da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi aiki, don haka duk shirin hana ƙirƙirar bayanan jabu da bai taɓa wannan ma'auni ba, aikinsa rabi ne. Abin da ya faru a bankin Wells Fargo na Amurka ya isa shaida. A watan Satumba na 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, bayan an gano cewa ma'aikatansa sun buɗe asusun ajiya da katunan bashi kimanin miliyan 2 ba da sanin masu sunayen ba. Binciken 2017 ya ɗaga adadin da ake zargi zuwa miliyan 3.5. Bankin kuwa yana da kundin ɗa'a, yana da sashen bin ƙa'ida, har da lambar waya ta kai ƙorafi. Sai dai a rassa, abin da manaja ke tambaya kullum shi ne yawan asusun da aka buɗe, domin shugabanni sun ɗora burin sayar wa kowane gida hajojin banki takwas.

Mai suka zai ce ai tsarin ya yi aiki, tunda bankin ya kori ma'aikata wajen 5,300. Wannan magana ba ta tsayawa idan aka duba lokaci. An yi korar ne a hankali tun daga 2011, ana kora ana ɗauka, sabon ya tarar da burin da ya kayar da na gabansa. Laifin da dubban mutane suka maimaita a jihohi daban-daban tsawon shekara biyar ya wuce a jingina shi ga halin mutum ɗaya. Rahoton da daraktocin bankin masu zaman kansu suka fitar a Afrilun 2017 ma ya ɗora alhakin a kan matsin tallace-tallace da kuma yadda sashen rassa ya fi ƙarfin masu sa masa ido.

Suka ta biyu ta fi nauyi: kasuwanci ba ya tafiya babu buri, kuma yawancin ma'aikatan bankin ba su yi jabu ba duk da matsin. Gaskiya ne, kuma wannan bai wanke wanda ya ƙaga sa hannun wani ba. Amma tambayar mai nazari ita ce wa ke tantance lambobin, kuma me ke samun wanda ya tona asiri. A 2017 hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Amurka ta umarci bankin ya mayar da wani manaja da aka kora bayan ya kai rahoton zargin zamba, ya kuma biya shi dala miliyan 5.4. Abokan aikinsa sun ga korar tun shekarun baya, kuma daga ita suka koyi abin da ke jiran mai magana. Bankin bai soke burin tallace-tallace a rassa ba sai a Oktoban 2016, bayan tara ta riga ta hau kansa, kuma a 2020 ya amince ya biya ƙarin dala biliyan 3.