Sunayen Unguwanni da Hanyoyi a Adar da Gobir Tudu

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, wato ƙasashen Adar da Gobir Tudu, ba a cika raɗa wa titi suna ba. Abin da ke da suna shi ne gari, unguwa, rijiya, kasuwa, da ƙofar gidan wani sananne. Hanya kuwa sunan inda ta nufa take ara. Wadda ta tashi daga Madawa ta yi arewa, mutanen Madawa hanyar Buza suke ce mata, mutanen Buza kuma su ce hanyar Madawa, alhali a takardun gwamnati lamba gare ta, kamar yadda babbar kwaltar da ta ratsa Madawa daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram take da lamba 1. Wanda ya saba da allunan manyan birane zai ɗauka wannan giɓi ne da ya kamata hukuma ta cike. Amma tsari ne mai zaman kansa, kuma sunayen da ya haifar sun fi na allo riƙe tarihi, domin kowannensu amsa ce ga tambayoyin da zaman wuri ya rataya a kansu: wa ya fara sara dajin, daga ina ya zo, kuma a ƙarƙashin wa ya zauna.

Kwatanci da Ingila zai fito da abin fili. A tsofaffin biranenta sunaye daga bakin jama'a suka tsiro, shi ya sa har yau Landan take da Bread Street da Milk Street, wato layin masu burodi da na masu madara. Unguwannin bayan gari da jirgin ƙasa ya haifar a ƙarni na 19 da farkon na 20 daban suke. Mai kuɗi ne zai sayi gonaki, ya yanka filaye, ya zauna rana guda ya raba wa titunan sunayen itatuwa, ko na mawaƙa, ko na wuraren da sojan Ingila suka yi yaƙi, irin su Mafeking da Ladysmith na yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902. Irin wannan suna yana gaya maka shekarun da aka yi gini da abin da ke ran magini, amma bai san komai game da mazauna ba, don an raɗa shi tun kafin su tare. A Adar sai mutane sun zauna, maƙwabta sun gaji da kwatance, sannan suna yake kama wuri.

Sunayen yankin hawa-hawa suke. Na ƙasa su ne na yanayin wuri, waɗanda manomi da makiyayi suka fi buƙata: dutsi, tudu, fadama, tabki, da itatuwa. Ita kanta ƙasar Madawa Gobir Tudu ake kiranta, don a bambanta ta da Gobir ta kwarin gulbi da ke kudu. Tunfafi, mai babbar kasuwa kusa da Madawa, sunan tsiron nan ne mai farin ƙaro da ke fitowa a gajiyayyar ƙasa. A bisa waɗannan sai sunayen kafa gari. Duk inda aka ji Gidan wane, to mutum guda ne ya fita da iyalinsa neman gona, ya kafa bukka, 'yan'uwa suka biyo shi, gida ya zama gari sunan bai canja ba. Sabon Gida, wadda yau cibiyar ƙaramar hukuma ce a gundumar Madawa, ta daɗe da tsufa amma tana nan sabuwa a baki, kuma sunan nata shaida ne cewa akwai wani tsohon mazauni da aka baro.

Hawa mafi yalwa shi ne na jama'a, mai ƙarewa da "-awa". Wannan ɗafi ba ya nuna wuri sai ta hanyar mutanensa, kuma a nan tsarin ya fi bayyana halinsa. Unguwar Agadastawa a Madawa tana cewa mutanen Agadas ne suka zauna nan, kamar yadda Agadasawa take faɗa a cikin birnin Kano, kusa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, bisa ga abin da aka gada ta samo sunanta ne daga alƙalin Zamfara da aka kafa garin a filinsa. Baƙo ba ya zama inda ya ga dama a garin Hausa na dā. Sarki ko mai gari ne ke nuna masa wuri, a naɗa wa jama'arsa mai unguwa da zai tara haraji ya sasanta rigima, saboda haka sunan unguwa rajista ce ta mulki tun kafin a san takarda. Zango kuma masaukin ayari ne a bakin gari, inda fatake ke sauke raƙuma, kuma sau da yawa ya girma ya yi gogayya da garin da ya sauke shi, kamar yadda ya faru da Zango da Birni a Damagaram.

Idan aka hau arewa zuwa Keita sai kunne ya ji harshe ya sauya. Tamaske da Ibohaman ba ƙirar Hausa ba ce. A harshen Abzinawa sunan mace da "t" yake farawa, jam'in namiji kuma yakan fara da "i" ya ƙare da "an", kuma wannan ƙira ce ake ji a sunayen biyu. Tarihi ya bayyana dalili. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, kuma cikin waɗanda suka dafa masa akwai Abzinawan Lisawan, waɗanda sarautar Keita ta kasance a gidansu, har wata unguwa a garin take ɗauke da sunansu. Daga baya Abzinawan Kel Geres suka yi ƙarfi a kudu, wajen Galma da Azarori, inda suka gwabza da sojan Faransa a 1901. Abin lura shi ne yawancin mazauna waɗannan garuruwa Hausa suke yi a yau, har da jikokin Abzinawan, amma sunan gari bai bi harshen gida ba. Masanin tarihi Djibo Hamani, ɗan yankin, ya wallafa littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975, kuma a wannan shekarar Nicole Echard ta fitar da nata kan manoman Adar. Dukansu sun jingina da labaran kafa garuruwa da dattawa suka riƙe.

Akwai masu cewa wannan shaida ba abin dogaro ba ce, kuma suna da hujja. Kusan kowane gari yana da labarin wata magana da maharbi ko sarki ya furta wadda ta zama sunansa, kuma da yawa daga cikinsu an ƙirƙire su ne daga baya don a ba baƙuwar kalma ma'anar Hausa. Wannan gaskiya ne, sai dai ya shafi labarin ne, bai taɓa ƙirar sunan ba. Mai ba da labari yana iya ƙawata dalilin da ya sa aka ce Gidan wane, amma ba shi ya sa kalmar gida a gaba ba, ba shi kuma ya sa sunaye masu ƙirar Abzinanci suka taru a arewa ba. Mai bincike ya auna ƙira da yaɗuwa, ya ɗauki labari a matsayin abin da mutane ke son a sani game da kansu, wanda shi ma tarihi ne. Wani ƙorafin ya fi nauyi. Suna mai riƙe asali yana riƙe har da asalin da mai shi ke son a manta. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan Adar, ta nuna yadda tabon bauta yake bin wasu zuriyoyi har zamanin ayyukan raya ƙasa, irin na Keita da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984. Inda sunan ƙauye ya isa a gane cewa kakannin mazaunansa bayi ne, tambayar "ɗan ina ne?" takan yanke maganar aure. A irin wannan hali, idan jama'ar wuri suka zaɓi sabon suna, ba mai hurumin hana su don kawai masana na son tsohon.

Masu tsara birane kuma na cewa kwatance ba ya kai wasiƙa. Wanda aka ce wa bayan lakwal, kusa da mai tuwo, gida na uku mai ƙofar ƙarfe, zai isa idan ya yi tambaya sau biyu, amma mai karanta mitar wuta da motar ɗaukar majinyaci ba su da wannan lokacin, musamman a sababbin unguwannin da aka yanka kare-kare, inda maƙwabta ba su san juna ba. Yamai ta magance wannan a farkon shekarun 2000 da lambobin tituna, kuma abin sha'awa shi ne haruffan da ke gaban kowace lamba gajarcen sunan unguwa ne, wato adireshin zamani a kan tsohon suna ya hau. Ƙananan hukumomin da suka samu zaɓaɓɓun majalisu a 2004 suna iya bin wannan sawun ba tare da sun goge komai ba.

Ɓarnar da aka riga aka yi a rubutu take. Faransawa sun rubuta sunayen da kunnensu da ƙa'idar harshensu: Gidan ya zama Guidan, Dutsi ya zama Doutchi, kwarin Majiya ya zama Maggia, Bangi ta gundumar Madawa kuma ta zama Bangui, har ba a bambanta ta da babban birnin Afirka ta Tsakiya. Haruffa masu ƙugiya sun ɓace gaba ɗaya, ga shi kuwa su ke raba ma'ana. A watan Oktoban 2024 hukumomi a Yamai sun cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi suka sa na Djibo Bakary, kuma a 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Canja allon titi guda aikin yini ne. Maido da sunayen ɗaruruwan ƙauyukan Madawa, Buza da Keita bisa ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta amince da ita a 1999 zai buƙaci a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ji yadda masu gari ke furta su, sannan a gyara taswira, rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa.