Daga Dinarin Rumawa zuwa Zinariyar Hausa

Kalmar zinariya tana cikin kalmomin aro da suka yi doguwar tafiya kafin su iso ƙasar Hausa. Tushenta shi ne denarius, wato kuɗin azurfa da Rumawa suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya. Masu tara tsofaffin kuɗi suna gane da yawa daga cikinsu ta hoton kan sarki da laƙabobin da aka zagaye shi da su, waɗanda sukan nuna shekarar bugu. Nauyi ma shaida ne. A zamanin Agustus ya kai kimanin giram 3.9 na azurfa kusan tsantsa, Nero ya rage shi a shekara ta 64, daga nan aka yi ta gauraya shi da tagulla har ya ɓace a ƙarni na uku.

Sunan kuwa ya rayu, domin Larabawa sun are shi suka laƙaba wa kuɗin zinariya. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai nauyin miskali ɗaya, ba hoto sai rubutu.

Hausa ta karɓi kalmar ta hanya biyu. A bakin jama'a ta rikiɗe ta zama zinariya, a littattafan fiƙihu kuma ta tsaya a dinari. Saboda haka, duk malamin da ya ambaci rubu'in dinari a matsayin mafi ƙarancin sadaki wurin ɗaurin aure a Lambata ko Suleja, sunan tsohuwar azurfar Rumawa yake furtawa.