Kukan rediyo a bakin na'ura: tarihin waƙar «Radio Ga Ga»

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ba kasafai akan sami misalin da ya gaskata wannan karin magana kamar labarin ƙungiyar Queen ta ƙasar Ingila da waƙarta mai suna «Radio Ga Ga», wadda ta fito a watan Janairun 1984 ba. Waƙa ce ta kare martabar rediyo a gaban talabijin, amma da sababbin na'urori aka ƙera ta, kuma hoto ne ya kai ta duniya.

An kafa Queen a birnin Landan a 1970. Mutum huɗu ne suka yi suna a cikinta: Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, shi ne mai rerawa, Brian May na kaɗa jita, John Deacon na riƙe da jita mai kaurin murya, Roger Taylor kuwa shi ne makaɗin ganguna. Kiɗansu shi ne wanda ake kira rok, wato kiɗan da ƙarfinsa ke fitowa daga jita ta lantarki da ganga da maƙogwaro. A cikin shekarun 1970, sun saba rubutawa a bayan faya-fayansu cewa ba su yi amfani da sintetiza ba. Sintetiza na'ura ce mai madannai irin na piyano, wadda ke haɗa sauti da wutar lantarki, ba tare da tsirkiya ko fata ba. Manufar wannan rubutu ita ce mai saurare ya san cewa duk wani sauti mai ban mamaki da ya ji, hannun May ne da muryoyinsu suka fitar da shi.

Sai zamani ya juya. Farashin na'urorin ya sauko, matasan mawaƙa na Birtaniya kamar Depeche Mode da Human League suka gina wani salo a kansu, wanda aka laƙaba wa suna sint-pop. Queen ta shigo da sintetiza karon farko a faifanta The Game na 1980, ta kuma zurfafa a Hot Space na 1982, inda ta karkata ga kiɗan rawa. Tsofaffin masoyanta da dama ba su ji daɗin hakan ba, kasuwar faifan kuma ta yi sanyi. A daidai wannan lokaci wani sauyin ya kunno kai: ranar 1 ga Agustan 1981 aka buɗe tashar MTV a Amurka, wadda aikinta shi ne nuna gajerun finafinan waƙoƙi dare da rana. Tun daga nan, mawaƙin da ba ya da hoto ya soma zama kamar ɗan kasuwar da ba ya da rumfa.

Cikin wannan hali ƙungiyar ta shiga ɗakin ɗaukar sauti na Record Plant a Los Angeles a 1983, tare da Bajamushe Reinhold Mack mai tsara musu sauti. Taylor ya sha bayyana cewa daga bakin ƙaramin ɗansa ya tsinci sunan waƙar. Mahaifiyar yaron Bafaransa ce, wata rana kuma ya kushe abin da rediyo ke sakawa da kalmar nan ta yara, «caca», wadda duk mai jin Faransanci ya san nufinta. Aka tausasa ta, ta koma «ga ga». Abin lura shi ne, makaɗin ganga ne ya ajiye sandunansa, ya keɓe kansa da sintetiza ƙirar Roland Jupiter-8 da wata na'ura mai buga ganga da kanta, ya shimfiɗa tushen kiɗan. Mercury ya ga alamar kasuwa a cikin abin, ya gyara baituka da tsarin waƙar. Fred Mandel, ɗan Kanada da aka gayyato, ya taimaka wajen tsara sautin na'urorin, aka kuma bi da wata murya ta cikin na'ura don ta yi kama da ta mutum-mutumi.

Saƙon waƙar kuwa na bege ne. Mai rerawa yana tuna ƙuruciyarsa, lokacin da rediyo ke zame masa abokin hira cikin dare, kuma malamin da ya sanar da shi duniya. Ana ishara ga wasan kwaikwayon da Orson Welles ya watsa a rediyon Amurka a 1938 game da mamayar halittun duniyar Mars, da kuma wani jawabi na Winston Churchill na 1940. Daga nan sai a koka da yadda ido ya ƙwace wa kunne matsayinsa, a roƙi rediyo kada ta yarda ta zama surutun da ake bari a bayan fage ba mai kula da shi.

Amma kuka da hoto bai hana su yin hoto ba. David Mallet ya shirya fim ɗin waƙar, ya sarƙa shi da gutsattsarin Metropolis, fim ɗin da Fritz Lang ya yi a Jamus a 1927, mai nuna birnin da injuna suka mayar da ma'aikata bayi. An tara ɗaruruwan masoyan ƙungiyar cikin fararen tufafi, suna ɗaga hannuwa sama suna tafi sau biyu-biyu a tare. Wasu ƴan jarida sun soki wannan siffa, suka ce ta yi kama da tarukan ƴan Nazi. Ƙungiyar ta musanta, ta ce daga duniyar fim ɗin Lang aka ɗauko ta.

Karɓuwar waƙar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta zo ta ɗaya a Holan, Beljiyam, Suwidin da Ailan. A Birtaniya ta tsaya a matsayi na 2, domin «Relax» ta Frankie Goes to Hollywood ta tare mata hanya, alhali ita wannan waƙa BBC ta hana saka ta a rediyonta. A Amurka kuwa ba ta wuce matsayi na 16 ba, kuma daga ita Queen ba ta sake shiga sahun 40 na farko a can ba har Mercury ya rasu a 1991. A watan Oktoban 1984 sunan ƙungiyar ya ƙara ɓaci, sa'ad da ta yi wasa a Sun City lokacin da duniya ke ƙaurace wa mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Ƙungiyar ƙwadagon mawaƙan Birtaniya ta ci ta tara, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa ta a jerin waɗanda suka karya ƙauracewar.

Ranar 13 ga Yulin 1985 ce ta ba waƙar matsayin da take da shi a tarihi. A ranar aka yi bikin Live Aid don agaza wa mutanen Habasha da yunwa ta addaba, a cikin farin nan na 1984 da ya shafi Sahel duka, har da Nijar. A filin Wembley na Landan, Queen ta sami kimanin minti 20 kawai. Da aka zo amshin «Radio Ga Ga», jama'a wajen 72.000 suka ɗaga hannuwa suka yi tafi a tare, yawancinsu ba don Queen suka zo ba, kuma ba wanda ya koya musu a wurin. Talabijin ce ta riga ta koya musu.

Daga baya mawaƙiyar Amurka Lady Gaga ta ɗauki sunanta daga wannan waƙa. Rediyo kuma ba ta mutu ba. MTV ce ta rage saka waƙoƙi, ta koma wasu shirye-shirye. Sautin na'urorin 1983 ya tsufa, duk wanda ya ji shi yau zai gane shekarunsa nan take. Tafin kuwa bai tsufa ba: har yanzu, duk inda aka saka waƙar a taron jama'a, hannuwa ke tashi sama.