Tsamiya, Filasko da Tarihin Cikinmu a Ƙasar Dutse

Mu da muka tashi a ƙasar Dutse mun san cewa taurin bayan gida ba lalurar da ake faɗa a zaure ba ce. Sai dai yaro ya raɓa jikin kakarsa ya raɗa mata, ita kuma ta jiƙa tsamiya ta ba shi. Idan abin ya ƙi, sannan a nemo filasko.

Wannan tsari na hawa biyu ya daɗe. Hawa na farko abinci ne. A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, cimar yau da kullum ita ce tuwon dawa ko na gero da miyar kuka, da kwaɗon zogale ko rama, da kunun tsamiya. Dukkansu suna tausasa bayan gida, ga kuma dabinon da aka san Dutse da shi. Mutum yana shan magani ba tare da ya kira shi magani ba.

Hawa na biyu shi ne wankin ciki, kuma malamai sun shigo cikinsa. Filasko ɗan'uwan ganyen da Larabawa ke kira sana ne, wanda ya zo a hadisan da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risala a kan sana, ya rubuta wata a kan basir. A lokacin Dutse tana ƙarƙashin masarautar Kano, cikin daular Sakkwato. A 1916 kuma wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya sanya filasko cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sana cikin muhimman magunguna. Sinadarinsa yana zaburar da babban hanji, shi ya sa ake shan sa da dare, ya yi aiki da safe.

Abubuwa sun juya bayan 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. Ma'aikata suka cika gari, zaman ofis ya ƙaru, burodi da taliya da farar shinkafa suka ture tuwon dawa a gidaje da yawa. Hawa na farko ya fara rushewa, sai muka koma dogaro da na biyu.

To amma na biyun ma ya sauya hannu. Kaka tana auna ganye da yatsunta, ta san wanda za ta ba, ta san yaushe za ta daina. Mai lasifika a tasha kuwa gora yake miƙo mana, ba suna, ba awo. Yawan shan mai sa zawo yana zuƙe ruwan jiki da gishirinsa, abin da ke da haɗari ga tsoho da yaro da mai juna biyu. Taurin da ya daɗe, ko ya zo da jini ko rama, na asibiti ne.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, kakanninmu sun fi dogara da tukunya, filasko kuwa na ranar larura ne. Kafin mu sayi gora ta gaba, mu duba ko akwai sauran tsamiya a gidan, da kuma ko itacenta na bayan gari ya tsira daga masu gawayi.