Leda ba ta ruɓewa, marmashewa take yi

Yau a kan leda da roba za mu tattauna: daga ina suka zo mana, kuma ina suke tafiya bayan mun yar?

Ku tambayi tsofaffi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da me ake cefane a da. Ƙwarya ce da kwando da faifai, goro da daddawa kuma a ƙunshe su a ganye. Ruwa yana tulu da randa. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai, in ta gama aiki gara ta cinye ta, ta koma ƙasa.

Ita kuwa roba baƙuwa ce. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa Bakelite a Amurka, robar farko da aka ƙera kacokan daga sinadarai. A 1933 masanan kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da foliyetilin, wato abin da ake yin leda da jarka da shi. A 1965 kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar ledar cefane mai hannu, ƙirar injiniya Sten Gustaf Thulin. A shekarun 1990 fiya wata ya bazu a Najeriya. Yau a je kasuwar Sheme bayan an watse, a ga abin da ya rage a ƙasa.

To me ke samun leda in ta daɗe a rana? Foliyetilin dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidurojin, tsawon nan shi ke ba ta ƙarfi da laushi. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, ultrabayolet. In ya bugi roba sai ya ɓalle wani wuri a jikin sarƙar. Iskar oksijin ta maƙale a wurin, abin da ya haɗu ɗin ya fizgi haidurojin daga sarƙar da ke kusa, ita ma ta kamu. Haka abin ke yaɗuwa kamar wutar daji, sarƙoƙi suna tsinkewa, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Shi ya sa bokiti ke koɗewa, kujerar roba ta yi fari-fari, ka zauna ta ɓalle ƙas. Shi ya sa kuma ake yin tankin ruwa baƙi: garin kabon da aka zuba a ciki yana shanye hasken.

Sai dai fa tsinkewa daban, ruɓewa daban. Ledar ba ta zama taki, gutsattsari take zama. A 2004 Richard Thompson na Jami'ar Plymouth da abokan aikinsa suka jawo hankalin duniya ga irin wannan ɓurɓushi, wanda yanzu ake ƙirga duk abin da bai kai milimita 5 ba a cikinsa. In kuwa ƙasa ta binne leda, babu haske, oksijin kaɗan ne, sai ta yi shekara da shekaru tana nan.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Yankinmu na masara da dawa da auduga ne. Kafin damina ana kwasar takin bola a kai gona, leda a ciki, garma ta binne ta. Awaki da shanu suna haɗiye ta, ku tambayi mahauta abin da suke ciro wa daga tumbi. Ƙonawa ma ba mafita ba ce, hayaƙin guba ne, musamman na robar bututu.

Bangaladesh ta haramta siririyar leda a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Mu kafin doka ta iso, akwai abin da ke hannunmu. A tsince leda daga taki kafin a loda amalanke. A ajiye jarka da bokiti a inuwa, sun fi daɗewa. Roba mai kauri a tara wa 'yan jari-bola. In za a je kasuwa a riƙe jaka ko kwando.

Ku faɗa mana yadda abin yake a gonakin garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.