Fulofi, da ranar da na share furojet ɗin wani malami a Rano

1/ Wannan 'yar alamar mai kusurwa huɗu da kuke dannawa a Word in za ku adana aiki, fulofi ce. Mu mun riƙe ta a hannu. Bari in ba ku labarinta.

2/ IBM ne ya fito da ita a 1971, inci 8. Wadda ta iso mana ƙaramar ce ta Sony, inci 3.5, mai cin 1.44MB. Hoto ɗaya na wayarku ma ba zai shiga ba.

3/ Ba a rubutu a kanta sai an yi mata fomat. Kamar yi wa gona kunya ne kafin shuka: layi 80 a kowace fuska, kowane layi gida 18, kowane gida bayit 512. Sannan a rubuta wani tebur, FAT12, mai nuna inda kowane fayil yake.

4/ A 2002 ina yaron shago a wata bizines senta a Rano, da tsohuwar kwamfuta mai DOS 6.22. Na gaji da buga umarni, ga rawar kai, sai na rubuta ɗan shiri a QBasic. Layi ɗaya ne zuciyarsa: SHELL "FORMAT A: /Q".

5/ Matsalar, ban sa shi ya fara nuna abin da ke cikin faifan ba.

6/ Ran nan wani malamin firamare ya zo daga Kibiya a kan mashin, a buga masa furojet ɗinsa na NCE. Kwafi ɗaya tal. Na ɗauka cikin sababbin faifan shago ne, na danna.

7/ Ya ce, "Yaro, ina aikin nawa?" Wallahi bakina ya bushe.

8/ Maigidana ne ya cece ni. Ashe fomat na gaggawa teburin kawai yake gogewa, shukar tana nan a kunyarta muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Tun 1991 DOS yake da UNFORMAT. Ya buga, babi biyar suka dawo. Ni kuwa sati guda ba a bar ni na taɓa kwamfutar ba, sai shara.

9/ Apple ya fitar da iMac babu ramin fulofi a 1998, Sony ya daina ƙera ta a 2011. Gwamnatin Japan fa sai 2024 ta rabu da ita. Tawa ɗaya tana nan a akwati, na rasa inda zan zura ta.