Shiru Iri-Iri a Ƙasar Gobir

Bahaushe bai taƙaita shiru ga kalma ɗaya ba. Akwai tsit, na wurin da ba motsi. Akwai kurum, na wanda aka tambaya ya ƙi amsawa. Akwai kawaici, na mai ganin laifi ya kau da kai don kunya ko girmamawa. Akwai kuma shirun jira, wanda muke cewa kamar an aiki bawa garinsu. Duk wanda ya bi tarihin Alkalawa zai gamu da kusan kowanne.

Sarkin Gobir Babari ne ya kafa birnin a gefen Gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18, a ƙasar da a da take hannun Zamfarawa. Daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da ya girgiza maƙwabta. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gana da shi a Magami, bai karɓi dukiyar da aka ba shi ba. Cikin abubuwa biyar da ya roƙa har da a bar shi ya yi wa'azi, kuma kada a hana kowa amsa kiransa. Bawa ya amince. Kawaici ne na sarkin da ya san ƙarfinsa.

Nafata ya ɗauki wata hanya. Ya sa aka yi shela cewa ba mai wa'azi sai Shehu kaɗai, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Wannan shi ne shirun dole, kuma bai haifar da lumana ba. A zamanin ɗansa Yunfa aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci Alkalawa, Yunfa ya mutu a yaƙin. Daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma Sabon Birni. Tsohon birnin ya koma kufai, ya yi tsit.

Mu da sana'armu ta dogara da kwamfuta da intanet mun san wani sabon shirun. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, don toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Tare da su aka toshe bakin manomin da ke son kiran ɗauki. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya fito a bidiyo daga hannun masu garkuwa yana neman a cece shi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ji labarin rasuwarsa.

Shi ya sa idan aka ce mana Isa ta yi shiru kwana biyu, mukan fara tambaya: wane iri? Kasuwa ta ci an watse lafiya, ko mutane sun kwashe kayansu sun tsallaka Nijar? Magabata sun ce kurum ma magana ce. Aikin mai mulki ne ya saurare ta tun kafin gari ya zama kufai.